Harsashi: Masana'antar Kakuri, sirrin wuyan kwanso da abin da doka ta tanada

Duk wanda ya ƙetare Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya bi ta Makera, zai iske Kakuri, unguwar masana'antu wadda a da jiniyar masaƙu ce ke sanar da mazaunanta lokacin shiga aiki da na tashi. A nan aka kafa masaƙar KTL a 1957, sannan UNTL da Arewa suka biyo baya, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot kuma ya fara aiki a 1975. Yawancin masaƙun sun daɗe da yin shiru. Daga cikin tsofaffin masana'antun da suka rage a yankin akwai ta ƙera makamai da harsasai, mallakar Hukumar Masana'antun Tsaro ta Najeriya, wadda aka fi sani da DICON.

Kusan kowace rana jaridu na kawo labarin harsasan da jami'an tsaro suka kama a hanya ko a maɓoyar 'yan bindiga, tare da lambobi irin su 7.62 da 9 waɗanda ba kowa ya san ma'anarsu ba. Ma'aikacin gwamnati na ganin kuɗin sayen harsasai a kasafin kuɗi, ɗan kasuwar ƙarafa kuma na iya tsintar kwanson tagulla a cikin kayan da ya auna. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata a sani game da harsashi: inda ake ƙera shi a ƙasar nan, sassansa, dalilin da ya sa ɗan ƙaramin wuyan kwansonsa ke da matuƙar muhimmanci, da kuma matsayin doka.

Tarihin masana'antar

An kafa DICON ne da dokar majalisa a 1964, zamanin da Alhaji Muhammadu Ribadu ke Ministan Tsaro a gwamnatin Firaminista Abubakar Tafawa Balewa. A shekarar ce kuma aka buɗe Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA a Kaduna. Kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya tsara masana'antar, ya gina ta, ya kuma kawo injuna da ƙwararrun farko. An tsara ta ne domin ta riƙa fitar da harsasai miliyan 12 masu lamba 7.62×51 da miliyan 4 masu lamba 9×19 a kowace shekara, tare da bindigogi samfurin BM59 da M12 na kamfanin Beretta na Italiya.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aiki ya ƙaru ƙwarai a masana'antar. Da aka ajiye makamai sai buƙata ta ja baya, hukumar ta faɗa matsalar kuɗi, har ta koma amfani da injunanta wajen yin kayan farar hula, irin su kujeru da tebura, kayayyakin gyaran injuna da na samar da ruwa a karkara. Daga baya ta ƙera bindigar FAL ta ƙasar Beljiyam bisa lasisi, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo kuma ta fito da nata samfurin AK-47 da aka raɗa wa suna OBJ-006. A watan Disamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da motar sulke mai suna Ezugwu a Kaduna. A watan Nuwamba na 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar dokar DICON wadda ta maye gurbin ta 1964, ta kuma ba hukumar damar yin haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu da sa ido a kan ƙera kayan tsaro a ƙasar.

Sassa huɗu na harsashi

A maganar yau da kullum ana kiran abin gaba ɗaya harsashi ko albarushi, amma a gaskiya sassa huɗu ne aka haɗa wuri guda.

Na farko shi ne kwanso, ɗan bututun tagulla ko na ƙarfe da ke riƙe da sauran sassan. Shi ne ke faɗowa ƙasa bayan an yi harbi. Na biyu shi ne makunni, wata 'yar hula ce da ke manne a tsakiyar gindin kwanso, ɗauke da sinadarin da ke kamawa da wuta idan an buge shi. Na uku shi ne albarushi, wato garin da ke ƙonewa a cikin kwanso ya haifar da iska mai zafi da ƙarfin turi. Na huɗu shi ne kan harsashi, ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga.

Idan aka ja kunama, allurar bindiga na bugun makunni, tartsatsinsa ya bi ta wata 'yar kafa ya kunna albarushi. Cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ƙarfin matsin da ke cikin kwanson bindigar soja na haura na iskar da ke kewaye da mutum sau fiye da 3,000. Wannan matsi ne ke ingiza kan harsashin AK-47 ya fita da gudun kimanin mita 715 a daƙiƙa guda, wato fiye da ninki biyu na gudun sauti.

Makunni iri biyu ne suka yi fice a duniya, kuma duka sun samo asali ne a 1866. Ɗaya na Kanar Edward Boxer ne, Baturen Ingila, ɗayan na Hiram Berdan ne, Ba'amurke. Abin mamakin shi ne, na Baturen Ingila ne ya karɓu a Amurka, na Ba'amurken kuma ya yaɗu a Turai, Rasha da Chaina. Kwanso mai makunnin Boxer na da kafa ɗaya a tsakiya, mai na Berdan kuma galibi kafa biyu ne a gefe.

Ma'anar lambobin

Lambar farko a sunan harsashi na nuna faɗin cikin bututun bindiga da milimita, ta biyun kuma tsawon kwanso. Saboda haka 7.62×39, harsashin AK-47 wanda Tarayyar Sobiyet ta fito da shi a 1943, yana da kwanso mai tsawon milimita 39. Shi kuwa 7.62×51, wanda ƙungiyar tsaro ta NATO ta amince da shi a 1954, tsawon kwansonsa milimita 51 ne, ya fi ɗaukar albarushi, ya kuma fi nisan zango. Harsashin 9×19 na ƙananan bindigogi ne, Georg Luger ne ya tsara shi a farkon ƙarni na 20.

Duk da cewa biyun farko na ɗauke da lamba 7.62, ɗaya ba ya shiga bindigar ɗaya. Ko kaurin kan nasu ma ya bambanta: na NATO milimita 7.82 ne, na AK-47 kuma kimanin 7.92. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa rundunar da ke amfani da bindigogi daga ƙasashe daban-daban ke fuskantar wahala wajen tanadin harsasai, domin kowane samfuri da layin injunan da ke ƙera masa.

Yadda kwanso ke samuwa

Tagullar da ake yin kwanso da ita haɗi ce ta kashi 70 cikin 100 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya. An zaɓe ta ne saboda tana miƙewa ba tare da ta yage ba, ba ta yin tsatsa, kuma idan matsi ya buɗa ta takan ɗan koma yadda take. A lokacin harbi kwanso na kumbura ya manne da bangon mazauninsa a cikin bindiga, ya toshe hanya don kada iska mai zafi ta dawo fuskar mai harbi. Da matsin ya sauka sai ya ɗan tsuke, a samu damar fizgo shi waje. Rasha da Chaina sun fi yin kwanso da ƙarfe mai shafin fenti ko na jan ƙarfe saboda arha, sai dai ƙarfe bai kai tagulla komawa daidai ba.

A kowace masana'antar harsashi, aikin na farawa ne da faifan tagulla da ake hudowa a mayar da shi ɗan ƙoƙo. Daga nan injin matsi na tura ƙoƙon ta cikin jerin zobban ƙarfe masu tauri, kowanne ya fi na bayansa ƙunci, har ya zama dogon bututu mai siririn bango da gindi mai kauri. Sai a buga gindin a fitar da gurbin makunni da tambarin masana'anta, a yanke tsagin da ƙugiyar bindiga ke kamawa, sannan a tsuke saman bututun a fitar da kafaɗa da wuya, ya yi kama da kwalba.

Duk maƙerin da ya taɓa aikin tagulla ya san cewa yawan bugu na sa ta yi tauri da gautsi, sai an mayar da ita wuta take yin laushi. Haka abin yake a masana'anta: ana gasa kwanso a tsakanin matakan ja, a ƙarshe kuma a gasa wuya da kafaɗa kaɗai, a bar gindi da taurinsa domin shi ne ke ɗaukar mafi yawan matsi. Launin shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa da ake gani a wuyan kwanson soja alamar wannan gashi ne.

Sojojin Birtaniya a Indiya sun ɗanɗana kuɗar rashin sanin wannan. Sun riƙa tarar da kwansunan harsasansu sun tsage a lokacin damina ba tare da an harba su ba, har suka ɗauka yanayi ne ke jawowa. Sai a 1921 masana suka gano cewa tururin amoniya daga fitsarin dawaki a bargar da ake ajiye harsasan ne ke cin tagullar da ba a gasa ta yadda ya kamata ba.

Wuyan kwanso

Wuya shi ne ɗan siririn sashen da ke saman kwanso, wanda ke riƙe da kan harsashi. Tsawonsa 'yan milimitoci ne, amma ayyuka biyu masu karo da juna ke kansa. Dole ne ya riƙe kan gam a lokacin ajiya, jigila da girgizar bindiga, kuma dole ne ya sake shi a miƙe da zarar albarushi ya kama.

Ana samun wannan riƙo ne ta hanyar sa cikin wuyan ya ɗan gaza kaurin kan harsashi. Bambancin bai wuce kashi ɗaya zuwa uku cikin dubu na inci ba, wato daidai da kaurin silin gashi ko ƙasa da haka. Idan aka danna kan a ciki, tagullar na buɗewa ta kama shi kamar yadda zobe ke kama yatsa.

Idan wuyan ya yi sako-sako, kan harsashi na iya nutsewa cikin kwanso a lokacin da bindiga ke ɗauko shi daga gidansa. Hakan na rage filin da albarushi zai ƙone a ciki, matsi ya hau fiye da abin da aka tsara, wani lokaci har bindigar ta fashe a hannun mai ita. Idan kuma wuyan ya yi matsi fiye da kima, ko kan ya shiga a karkace, harbi ba zai tafi inda aka saita ba, wuyan ma na iya tsagewa. Saboda haka ne masana'antun soja ke ƙara danne leɓen kwanso a jikin kan harsashi, su shafa wani abu mai kama da kwalta a cikin wuya da fenti a kewayen makunni, don hana ruwa da danshi shiga.

Ingancin harsashi miliyan guda ya dogara ne a kan yadda kowane wuya ya yi daidai da ɗan'uwansa. Zobban ƙarfen da ke tsara shi na zaizayewa da yawan aiki, dole a riƙa auna su ana canzawa. Masana'antar da ba ta iya ƙera waɗannan zobba da kanta, ko ba ta da tagullar da ta dace a cikin gida, tana nan a rataye da kuɗin waje ko da ginin da ma'aikatan na ƙasa ne.

Dalma zalla da mai riga

Ɗaruruwan shekaru da dalma zalla ake yin kan harsashi, saboda tana da nauyi, tana da arha, kuma tana narkewa a zafin digiri 327 kacal, yadda za a iya zuba ta a mazubi. Abubuwa sun sauya ne bayan Paul Vieille na Faransa ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a 1884. Gudun harsashi ya ƙaru har dalma mai laushi ta fara gogewa tana manne wa cikin bututu. Maganin da Eduard Rubin na Suwizalan ya kawo a 1882, wato sanya wa dalma rigar jan ƙarfe, shi ne ya zama ƙa'ida a harsasan soja har yau. Irin wannan kan mai riga ne masana'antun gwamnati ke yi.

Amma kan dalma na zubi bai ɓace ba. Maharba da masu wasan harbin saiti a wasu ƙasashe na amfani da shi a bindigogin da ba sa buƙatar gudu mai yawa, suna ƙara masa kuza da antimoni don ya yi tauri. Halinsa ya bambanta da na mai riga ta fuska biyu: ya fi laushi, kuma ana yin sa ya ɗan fi cikin bututun bindiga kauri domin ya toshe hanya iska kada ta wuce ta gefensa.

Sake ɗura kwanso da mabuɗin wuya

A Amurka doka ta halatta wa mutum ya sake ɗura kwanson da aka harba domin amfanin kansa, sai in zai sayar ne yake buƙatar lasisi. A Jamus sai an yi kwas an sami izini na musamman, a Afirka ta Kudu kuma sai mai lasisin bindiga. Sana'ar ƙera kayan wannan aiki ta tsufa a Amurka: John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a 1884, kamfanin Lyman ya saye shi a 1925, Fred Huntington ya kafa RCBS a 1943, Richard Lee kuma ya fara nasa a 1958.

Kwanson da aka harba yakan fito da wuya a buɗe, ba zai iya riƙe sabon kai ba. Don haka ake tura shi cikin bututun ƙarfe mai tauri da ke tsuke shi, sannan wani ɗan dunƙulen ƙarfe ya ratsa wuyan ya daidaita cikinsa. An auna wannan dunƙule ne da kan harsashi mai riga, wanda ke da taurin da zai buɗa wa kansa hanya. Kan dalma ba shi da wannan tauri. Idan aka tura shi cikin wuya mai ƙunci da kaifin leɓe, leɓen na feƙe dalmar kamar yadda reza ke feƙe fensir, ko kuma wuyan ya matse kan ya rage masa kauri. Sakamakon shi ne iska mai zafi ta riƙa wucewa ta gefe, dalma ta taru a cikin bututu, saiti ya lalace.

Wannan matsala ce ta haifar da kayan aiki na musamman da za a iya kira mabuɗin wuya. Iri biyu ne suka fi shahara. Na farko, irin na kamfanin Lee, yana da kai mai tsini kamar mazurari a kife, aikinsa kawai ya ɗan buɗa leɓen kwanso. Na biyu, wanda Lyman ke kira samfurin M, sanda ce mai hawa biyu: hawan farko na buɗe wuyan gaba ɗaya zuwa ƙasa kaɗan da kaurin kan harsashi, na biyun kuma na yin ɗan gurbi a baki wanda ya ɗara kan faɗi, yadda zai zauna a miƙe kafin a danna shi. Buɗawar da ta wuce kima na gajiyar da tagulla, leɓen ya tsage bayan 'yan zagaye.

Ko a ƙasashen da suka halatta aikin, an kewaye shi da ƙa'idoji. Cibiyar SAAMI a Amurka, wadda aka kafa a 1926, da hukumar CIP a Turai ne ke tsayar da iyakar matsi da ma'aunin kowane harsashi, kuma a dakunan gwaji masu na'urorin auna matsi ake tabbatar da su.

Bindiga da albarushi a ƙasar Hausa

Kafin zuwan harsashi mai kwanso, bindigar da aka sani ita ce wadda ake ɗurawa ta baki, irin wadda maharba da 'yan tauri ke kira adaka ko harba-ka-ruga. A ƙarni na 19 sarakuna da dama sun mallaki rundunar 'yan bindiga, kuma Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya yi suna wajen sa a ƙera igwa da haɗa albarushi a birninsa. A can yamma, maƙeran Samori Ture sun riƙa kwaikwayon bindigogin Faransa suna sake ɗura kwansunan da aka tsinto a fagen fama.

Turawa sun ga haɗarin hakan ga manufarsu. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsasansu zuwa mafi yawan yankin Afirka, ta bar tsofaffin bindigogin ƙanƙara da albarushin kasuwa. Lokacin da dakarun Lugga suka tunkari Kano a watan Fabrairu na 1903 da Sakkwato a watan Maris, suna ɗauke ne da bindigogi masu harsashin kwanso da bindigar Maxim mai aman wuta, kuma wannan rata ta taka rawa sosai a sakamakon yaƙin.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Haramtattu, irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na amfanin kai, kamar bindigar farauta, sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Masu ɗuri ta baki kuma suna ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mallakar harsashi na tafiya ne da lasisin bindigar da ya dace da ita.

Abu biyu ne ya kamata a lura da su. Na farko, dokar ta fassara harsashi da cewa ya haɗa da kowane sashe nasa, ta ware albarushin kasuwa kawai wanda ba a yi nufin sa shi a harsashi ba. Na biyu, ta hana ƙerawa, harhaɗawa ko gyaran bindiga da harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa domin sojoji, in ban da 'yan keɓantattun izini da ta fayyace. Hukuncin ƙerawa ba bisa ƙa'ida ba ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Ma'ana, abin da ake yi a matsayin sha'awa a Amurka babban laifi ne a Najeriya, kuma ɗan kasuwar da aka ba shi odar irin waɗannan kayan aiki daga waje, ko makanikin da aka kawo wa zanensu ya feƙe a injinsa, yana jefa kansa cikin haɗarin tuhuma.

A matakin yanki, ƙasashen ECOWAS sun rattaba hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni, 2006 a kan yarjejeniyar ƙananan makamai da harsasansu, wadda ta fara aiki a 2009, ta kuma wajabta sanya alamar da za a iya bin sawu da ita. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, aka kuma ba ta gindin doka a 2024.

Kwanso a matsayin shaida

A gindin kusan kowane kwanso akwai tambarin da ke nuna masana'anta da shekarar ƙira. An san harsasan Kaduna da haruffan OFN, yayin da masana'antun Rasha da Chaina suka fi amfani da lambobi. Da irin waɗannan alamomi ne masu bincike ke gano ko harsashin da aka samu a hannun masu laifi daga waje aka yi fasa-ƙwaurinsa ko kuwa daga rumbun gwamnati ya sulale. Cibiyar Conflict Armament Research ta yi irin wannan bin sawu a rahotonta na watan Janairun 2020, bayan ta duba makaman da aka kama a jihohin Kaduna, Katsina da Zamfara.

Ban da tambari, kowace bindiga na barin nata zane a jikin kwanso: gurbin allura a makunni, ƙarzar ƙugiya a gindi. Tun shekarun 1920 masana ke amfani da madubin gwama abu biyu wajen danganta kwanso da bindigar da ta harba shi. Wanda ya kwashe kwansuna daga inda aka yi harbi ya ɓatar da shaida, ya kuma ɗauki abin da zai iya zame masa tuhuma.

Ga 'yan gwangwan da sauran jama'a

Tagulla na da daraja a kasuwar tsofaffin ƙarafa, shi ya sa kwanso kan shiga buhun 'yan gwangwan. Haɗarin farko shi ne a cikin tarin kwansuna ana iya samun harsashin da bai tashi ba, kuma idan ya shiga wuta ko aka buge shi da guduma yana tarwatsewa ya raunata na kusa. Tsufa ba ya kashe albarushi. Zafi da danshi na iya sa ya ƙara zama abin tsoro. Fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja a ranar 27 ga Janairu, 2002, wadda ta yi sanadin mutuwar mutum fiye da 1,000, ta nuna abin da ajiyar da ba ta dace ba ke haifarwa.

Haɗari na biyu daga dalma yake. Ƙurarta da hayaƙin narka ta guba ne, musamman ga ƙananan yara da masu juna biyu. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara.

Wanda ya tsinci harsashi ko tarin kwansuna, abin da ya fi masa shi ne ya bar su inda suke, ya hana yara kusanta, ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa ko mai unguwa. Dillalin ƙarafa kuma ya dace ya duba kayan da ake kawo masa kafin ya auna, ya san wanda ya kawo, ya ƙi karɓar duk abin da ya yi kama da kayan soja in babu takardar gwanjo daga hukumar da ta mallake shi.